Ɓarawon Maruƙan Lignum

Bernice Cawley ba ta iya gaisuwa a waya ba ko ran da take cikin daɗin rai, balle yau.

"Lionel, ka zo. An harbe mini shanu, an kwashe maruƙa. In ba ka iso kafin rana ta take ba, sai dai ka zo ɗaukar gawar maƙwabcina Wally Mulholland."

Ta kife wayar.

Insfekta Lionel Brophy shi ne shugaban 'yan sandan da ke bin satar dabbobi a yankinmu na Gulf, nan arewacin Queensland. A gandun shanu aka haife shi, kuma tare suka yi makarantar kwana da Bernice, saboda haka ya san in ta ambaci gawa ba ado take wa magana ba. Ya ture kofin shayinsa, ya ɗauki hula.

"Saje, tayar da mota. Gandun Lignum za mu."

Saje Noleen Tasker ta dube shi. "Bernice ce, Oga?"

"Ita ce. Taka da kyau."

Tun daga nesa suka hango shirwa na kewaya sama, kafin su iso kuma wari ya tare su. Watan Nuwamba ne, ruwa ya ƙi sauka, zafi kamar a bakin murhu. A ƙarƙashin itatuwan da ke bakin wani busasshen rafi shanu huɗu ne kwance, sun kumbura, hankaki sun riga sun cire idanu.

Amma ba matattun ne suka tsayar da Insfekta ba. Masu ran ne. Shanu ashirin da 'yan kai suna ta zagaye wurin, suna shinshina ƙasa suna kuka. Muryoyin sun dusashe. Hantsar kowacce ta cika ta yi tam, nono na ɗiga a ƙura. Biyu sun durƙushe sun kasa tashi.

Duk wanda ya tashi a nan ya san halin shanunmu masu tozo. Ruwa na da nisa, jaririn maraƙi ba zai iya tafiyar ba, sai iyayen su tara 'ya'yan a inuwa ɗaya, su bar uku ko huɗu suna tsaro, sauran su tafi sha su dawo da yamma. To masu tsaron ne wani la'ananne ya zo ya harbe, ya kwashe abin da aka ba su amana. Ni dai ban san wani aiki da ya fi wannan ƙazanta a dajin nan ba.

Bernice na tsaye jikin a-kori-kurarta, bindiga kwance a kan kujera. Mace ce doguwa busasshiya, rana ta gasa ta tun tana yarinya.

"Kalle su," ta ce. "Ba sa kiwo. Su je su kurɓi ruwa su dawo nan su tsaya. Ambaliyar bara waccan ta cinye mini garke, ka sani. Waɗannan ne haihuwar fari tun daga lokacin. In nonon nan ya ƙafe, ko ka kawo maruƙan a kan tire ba mai karɓar su. Na rasa 'ya'yan, na rasa iyayen, na rufe gandun ubana na tafi gari in yi shara."

"Yaushe abin ya faru?"

"Hanci gare ka. Kwana uku, ko huɗu."

Insfekta ya ɗaure hanci da hankici, ya durƙusa gaban gawar farko. Ya daɗe. Ya koma ta biyu, ta uku.

"Saje, zo ki gani. Wannan uku a ƙirji. Waccan ɗaya a wuya, ɗaya a kafaɗa, ɗaya ya fasa ƙaho. Duk ta gaba."

"Kan mai harbin suka yi ke nan," in ji Noleen.

"Kansa suka yi, shi kuma ya rikice ya dinga sakin wuta. Bai zaci za su yi faɗa ba."

Noleen ta nuna sawun taya a bakin rafin. Mota ce mai jan tirela, ta zo sau biyu, ta hau ƙasa mai tsakuwa sawun ya ɓace.

"Wa ke zagayen rijiyoyinki?" Insfekta ya tambayi Bernice. "Shanu ashirin sun canza hali a bakin kwamin shan ruwa, ya kamata wani ya lura."

"Gavin, mijin 'yata Shona. Me wannan zai lura da shi? Ɗan kudu ne. Inji ya sani, saniya kuwa sai in ya gan ta a faranti. Ni ce na hango shirwa na biyo. Kada ka ɓata mini lokaci, Lionel. Shingen Wally na bayan tudun can, kuma ka san ubansa da maruƙan ubana ya yi arziki."

"Na sani. Miƙo bindigar."

"A kan me?"

"A kan ba na son aiki biyu rana ɗaya. Miƙo."

Ta miƙa masa tana huci kamar za ta haɗa da hannunsa ta karye.

Tsoho Wally Mulholland na zaune a barandarsa da gwangwanin giya lokacin da suka iso. Bai tashi ba. Shekara saba'in da ɗoriya, kuma a cikinsu babu wadda ba a zarge shi da satar maraƙi ba, babu kuma wadda aka kama shi.

"Ɗan Brophy! Har ka yi girman da za ka zo gidana da mace mai bindiga?"

"Yaushe rabonka da iyakar Lignum, Wally?"

"Wata guda. Ko biyu. Ƙafata ba ta bari."

"Ranar Litinin fa?"

"Ina kwance. Tambayi karena."

Insfekta ya sauka daga barandar ya nufi ɗakin nama da ke bayan gida, ya ture ƙofar raga. Rabin sa na rataye, jini bai gama tsanewa ba. A kusurwa ga fata a naɗe. Ya warware ta da ƙafa. An yanke wani yanki mai faɗin tafin hannu a ɗuwawu, daidai inda tambarin wuta ke zama.

Ya jawo fatar har gaban tsohon ya yar.

"Mai ciwon ƙafa ne ya feɗe wannan?"

"Sana ne."

"Naka ne ka cire masa tambari? Kunyar sunanka kake ji?"

Wally ya kurɓi giya, ya goge baki. Babu wanda bai san wannan ba a Gulf: babu mai yanka sansa don miya. In kana son ɗanɗana naman garkenka, gidan maƙwabci za ka je cin abinci.

"To, na Bernice ne," ya ce. "Sai me? Je ka buɗe firjinta ka ga ko naman wa ke ciki. Shekara talatin tana cin nawa ina cin nata, ba wanda ya kira ɗan sanda."

"Yau ta kira. An harbe mata shanu huɗu a busasshen rafi, an kwashe maruƙa sama da ashirin. Ta ce kai ne."

Tsohon ya ajiye gwangwanin a hankali.

"Maruƙa masu wata nawa?"

"Sati biyu, uku. Wasu cibiya ba ta bushe ba."

Sai ga Wally tsaye, ƙafar da ba ta bari ta bari. Jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ni? Ni za ta ɗora wa wannan? Kai ɗan Brophy, ka faɗa mata ta zage ni da ɓarawo, na ji, amma kada ta zage ni da jaki! In da ni ne, sai in bari su yi wata shida, su iya cin ciyawa, in bi da su ta ɓarakar shinge ba harbi ba hayaniya. Wane mahaukaci ne zai saci bakin da ba ya cin ciyawa? Nono zan ba su? Da wanne? Kwana uku su mutu a hannuna in samu ƙudaje riba!"

"Ranar Litinin da ka je ɗaukar san, ka ga wani?"

"Ƙura na hango wajen arewa. Mota ɗaya. Ban tsaya gaisuwa ba, ka san hannuna da kaya."

A hanya Noleen ta ce, "Ƙarya yake, Oga?"

"Ta farko ƙarya ce. Ta biyu ransa ne ya ɓaci da gaske." Insfekta ya juyo ya dube ta. "Tambayarsa ce ta tsaya mini. Mutumin nan bai saci maruƙan don su mutu ba. Ya ɗauka zai iya raya su ba uwa. Wa kika sani a duk Gulf da ya taɓa yin haka da guda ashirin?"

"Babu. Maraya ɗaya ma sai yara sun yi kuka ake ɗaukar sa."

"To."

Washegari rana na fitowa suka tsaya a gidan Lignum. Gavin Dekker na rumfar injuna, yana ɗora jarkoki a bayan a-kori-kura, injin na aiki. Mutum ne mai kauri, shekara talatin da 'yan kai, fatarsa har yanzu ba ta shirya da ranarmu ba.

Insfekta ya faka motar 'yan sanda daidai bakin rumfar, ta yadda ko keke ba zai fita ba.

"Gavin ko? Lionel Brophy."

Ya miƙa hannu. Gavin ya miƙo nasa, Insfekta ya riƙe bai saki da wuri ba. Yatsu biyu na tsakiya sun yi ja sun saɓule, fatar ta yi laushi kamar ta wanda ya kwana yana wanki. Daga hannun rigarsa kuma wani tsami ke tashi.

"Me ya sami yatsun?"

"Man inji ne. Yana cin fata."

"Man inji mai zaɓen yatsu biyu. Warin madarar fa?"

"Jaririya ce ta zubar mini da kwalba." Gavin ya zare hannunsa. "Insfekta, rana na yi, ina da rijiyoyi a gaba."

"Rijiya ba ta gudu. Daga ina kake a kudu?"

"Gippsland."

"Ƙasar ciyawa har gwiwa. Me mahaifinka ke yi?"

"Noma."

"Noman me?"

Gavin ya kalli agogo. "Shanun tatsa. An sayar da gonar tuntuni."

"Ranar Litinin ina ka zagaya?"

"Ko'ina. Kamar kullum."

"Har arewa?"

"Ba abin da zai kai ni arewa. Rijiyar Dutse ta mutu tun ambaliya, ko ɗigo ba ta bayarwa." Ya sake kallon agogo.

"Kashe injin," in ji Insfekta. "Saje za ta ɗauki bayaninka. A tsanake, Saje. Tun daga ranar da ya zo Gulf."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Gavin ya kashe injin, amma ƙafarsa ta kasa tsayawa wuri ɗaya.

A kicin Shona na zaune tana shayar da 'yarta, da mayafi a kafaɗa. Bernice na yanka naman gishiri a kan burodi kamar da shi take faɗa.

"Ka kamo shi?"

"Wally ya ci sanki ɗaya. Ya ce a gaishe ki, a kuma duba firjinki."

"Tsohon banza."

Insfekta ya zauna, ya leƙa fuskar jaririyar. "Masha Allah, ta yi ɓul-ɓul. Wace madara kuke ba ta?"

Shona ta yi dariya, dariyar farko a gidan cikin kwanaki. "Madara? Wannan ba ta taɓa ganin kwalba ba. Mama ta ce gidan da ke da shanu ba ya sayen gwangwani."

"Gaskiyarta." Ya karɓi shayin da Bernice ta dangwara masa. "Bernice, Rijiyar Dutse ta mutu?"

"Haka Gavin ya ce. Ni tun ambaliya ban taka wurin ba. A can na tsinci gawarwakin rabin garkena rataye a kan itatuwa, me zan koma yi?"

"Tsohon shingen tara shanu na nan?"

"In ruwa bai tafi da shi ba. Me ya kawo wannan?"

Ya kurɓe shayin da zafinsa ya miƙe. "Fito da babbar mota. Za mu ɗora iyayen nan, iya waɗanda za su hau. Gavin zai taimaka. Shona, ki zauna da yarinya, rana ta yi zafi."

Loda shanun ya cinye musu safiya. Saniyar da aka raba da ɗanta ba ta jin kira ba ta jin sanda, sai da suka kafa shingen tafi-da-gidanka suka kora su da babur. Gavin ya yi ta kawo uzuri. Kwamin yamma na yoyo. Injin kudu zai ƙone in ba a duba ba. Hanyar arewa ta lalace, babbar mota za ta kafe.

"In ta kafe sai ka tura," in ji Insfekta. "Shiga gaba, kusa da ni."

Rana ta wuce tsaka lokacin da suka hau hanyar Rijiyar Dutse. Hanyar da aka ce ba a bi tun ambaliya, sai ga ta da sawun taya sabo fil, kan sawu kan sawu. Gavin ya kafe idonsa a kan gwiwarsa.

A gindin tudun Insfekta ya ɗaga hannu, motocin biyu suka tsaya, aka kashe injuna. Shiru ya sauka. Sai wata guzuma mai karyayyen ƙaho a bayan babbar mota ta ɗaga kai ta saki kuka da ragowar muryarta.

Daga bayan duwatsu aka amsa. Ba murya ɗaya ba. Siraran muryoyi ne da yawa, na yunwa, suna hawa kan juna.

Motar ta girgiza. Shanun suka dinga dukan ƙarfe da ƙaho da ƙirji kamar za su kifar da ita. Bernice ta diro daga wurin direba, fuskarta ba jini.

Rijiyar da ta mutu tana nan tana zuba ruwa a kwami, injinta sabon gyara. An ɗaure tsohon shingen da waya, an yi rumfa da tamfol. A ƙarƙashi ga buhunan garin madara, ga bokitai jere an wanke an kife. A ciki kuma maruƙa, cikinsu ya lotsa, suna ta kuka. Biyu na kwance a gefe an rufe su da buhu, ƙudaje sun gaya wa kowa sauran labarin.

"A ƙasata," in ji Bernice. "A cikin ƙasata! Wally ya shigo har nan?"

"Gavin," in ji Insfekta, "ka taɓa ganin wurin nan haka?"

"Ban taɓa ba. Na gaya maka ba na zuwa. Wani ne ya gyara injin."

"Ka tabbata?"

"Na rantse."

"To madalla. Saje, shiga ki ƙirga mana su."

Noleen ta buɗe ƙofa ta shiga. Maruƙan suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji, suka cure a can kusurwa suna rawar jiki. Haka ɗan saniyar daji yake, bai san mutum ba sai a matsayin abin gudu.

"Bernice, gwada. Naki ne."

Bernice ta shiga tana kiransu da muryar da take kiran shanu. Suka ƙara matsewa jikin waya, ɗaya har yana neman tsallakewa.

"Saura kai, Gavin."

"Me zan yi a ciki? Ni ba mai shanu ba ne, tambaye ta."

"Shiga."

"Insfekta, wannan ai..."

"Na ce shiga!"

Gavin ya taka ƙofar. Taku biyu ya yi. Wani jan maraƙi ya ɗaga kunne, ya saki kuka, ya rugo. Sauran suka biyo shi gaba ɗaya. Suka kewaye shi, suna tunkuɗar gwiwarsa, suna jan wandonsa da baki. Ya ɗaga hannuwa sama yana ja da baya, amma jan nan ya miƙe ya cafke yatsunsa biyu na tsakiya ya hau tsotso, jela na kaɗawa.

Bernice na tsaye taku biyar daga wurin, ba ko ɗaya a kusa da ita.

Gavin ya sauke hannunsa a hankali ya bar wa maraƙin.

"Yatsu ake sa musu a baki a ja kan zuwa cikin bokiti," in ji Insfekta. "Haka ake yi a gidajen tatsa na kudu. A can ana ɗauke ɗa ran da aka haife shi, uwar ta yi kuka kwana biyu ta koma cin ciyawa. Ka ɗauka namu ma haka suke. Ka ɗauka za a ce karnukan daji ne, a yi tsaki a manta."

"Ban yi niyyar harbi ba," Gavin ya ce ƙasa-ƙasa. "Kaina suka yi. Saniya ba ta taɓa yin kaina ba a rayuwata."

"Kai!" Bernice ta yi kansa, Noleen ta tare ta da ƙirji. "Kai! A teburina kake ci! 'Yata na ba ka! Kana zaune kana kallona ina loda bindiga zan je in kashe tsoho a banza, ka ce mini a ƙara gishiri a miya!"

"'Yarki kika ba ni?" Gavin ya juyo, kuma duk shirun da ya yi shekara uku yana haɗiya ya fashe. "Me kuma kika ba ni? Sifana! Shekara uku ina kwance ƙarƙashin injinki. Ran tara shanu kowa ya hau doki, har yaran makaranta, ni a ce ɗan kudu ya tsaya ya dafa shayi. Ina da shekara shida na fara rainon maruƙa. Ɗari na raina a kaka ɗaya, ban rasa ko uku ba! Bara na tsinci maraya a bakin kwami, na roƙe ki ki bar mini shi. Me kika ce? Kika ce nan ba gidan raino ba ne, kika harbe shi a gabana, kika tafi kina dariya da ma'aikata!"

"Haka ake yi a nan!"

"To ni ma haka ake yi a wurinmu! Na ce bari in raine su, su girma, in buga musu nawa tambarin, ranar in tsayar da ke in ce ga abin da ɗan kudu ya iya!"

"Ya isa," in ji Insfekta. Bai ɗaga murya ba, ya ciro ankwa. "Na ji an raina ka. An raina mutane da yawa a dajin nan, ba su je sun harbe uwa a kan 'ya'ya ba. Kullum kana wucewa ta rafin nan. Kana jin kukansu. Ka ga biyu sun durƙushe, ka taka mota ka zo nan kana wasan uba. Ga biyu can ƙarƙashin buhu, su ma ka nuna musu abin da ka iya. Juya."

Ƙarfen ya ƙulle a wuyan hannun da ke jiƙe da yawun maraƙi.

"Gavin Dekker, na kama ka da laifin satar dabbobi da kashe su da azabtar da su. Ba dole ka ce komai ba, abin da ka faɗa kuma za a maimaita shi a kotu."

Noleen ta saki ƙofar babbar mota. Shanun suka sauko kamar ruwa ya ɓalle, suka cika shingen da ƙura da kuka. Kowacce na bin maruƙa tana shinshinawa, ta ture wannan, ta ture wancan, har ta dace da nata. Guzumar nan mai karyayyen ƙaho ta sami jan maraƙin, ta hau lasar sa kamar za ta saɓule masa fata, shi kuwa ya dunguri hantsar da ƙarfin da sai da ta ɗaga ƙafa. Kukan ya dinga raguwa har ya koma sautin tsotso. Waɗanda iyayensu ke can rafi Noleen ta ware su gefe, za a kai su kafin yamma.

Bernice ta bi su ɗaya bayan ɗaya da ido, leɓenta na motsi. Ta san kowace saniya, ta san ɗan kowacce. Da ta gama sai ta tsaya a kan wasu uku da ke tsakiyar fili. Sun je wurin wannan ta harbe su da ƙafa, sun je wurin waccan ta kai musu ƙaho.

"Waɗannan fa?" in ji Noleen.

"Iyayensu na cikin huɗun da ya harbe."

Insfekta ya sa Gavin a bayan motar 'yan sanda ya rufe. Bernice ta biyo shi.

"Wa zai gaya wa Shona?"

"Ke."

"Lionel, in na ce na janye..."

"Ba naki ba ne yanzu. Kin kira ni, na zo."

Ta tsaya tana kallon ƙasa, muƙamuƙinta na motsi. Sai ta juya ta shiga rumfar tamfol, ta ɗauko bokiti, ta farke bakin buhu. Ta tsaya a kansa. Matar da ta yi shekara hamsin cikin shanu, ta san ranar haihuwar saniya daga tafiyarta, ga ta riƙe da gwangwanin awo ba ta san ko nawa ake zubawa ba.

Ta tako har jikin motar. Ta ƙwanƙwasa gilashi da gindin gwangwanin, da ƙarfi. Insfekta ya sauke shi.

Ba ta kalli fuskar Gavin ba. "Nawa ake sawa?"

Gavin ya ɗago kai ya dubi gwangwanin.

"Biyu a rabin bokiti," ya ce. "Ruwan ya yi ɗumin jiki, in ya yi sanyi zawo zai kashe su. Safe da yamma. Ki jiƙa yatsunki ki sa musu a baki, kada ki danna kan da ƙarfi. Ƙaramar nan mai farin goshi sai an yi haƙuri da ita."

"Ja motarka," Bernice ta ce wa Insfekta.

Motar ta juya ta kama hanya. Marayun uku suka ga inda aka sa mai bokitinsu, suka fice ta ƙofar da aka bari a buɗe, suka bi bayanta cikin ƙura suna kuka da ƙafafunsu masu rawa. Gavin ya sunkuyar da kai har goshinsa ya taɓa kujerar gaba.

A madubi Insfekta na hango Bernice a tsakiyar hanya, bokiti a hannu ɗaya, ɗayan ta miƙa shi gaba madara na ɗiga daga yatsunta, tana kira tana kira. Ko ɗaya bai waiwayo ba.